Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Daga admin: wani dattijo ne daga Maraɗi ya turo mana wannan, ya ce a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya zo.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, masu ilimi da masu salula, wato wayar hannu, kawai, duk ina gaisuwa. Don Allah shawara nake roƙo, ku ba ni ita a hankali, ni tsoho ne, gwiwa ta tafi, ido yana shirin bin ta, kuma da yatsa ɗaya nake wannan rubutu tun da hantsi. In kun ga harafi ya kwanta inda ya kamata ya tsaya ku tashe shi da kanku, ajina uku da rabi ne a lakwal, wato makarantar boko, rabin ma ban rabu da shi da daɗi ba. Na bincika, surukata ba ta cikin zauren nan, shi ya sa kuka ga na samu baki.

Maganar jikata ce, ɗiyar ɗana. Amarya nake ce mata, irin wasan kaka da jika, ita kuma Tsoho take ce mini, in na hana ta wani abu ta ƙara da mai rowa. Shekararta biyar da wata bakwai. Makon jiya uwarta ta kai ta wata lakwal kusa da mu a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, don a gwada ta a ga ko ta isa fara karatu da rubutu. Aka gwada, aka ce ba ta isa ba, a dawo baɗi. Tun ranar gidanmu bai zauna daidai ba. An ce za a sake ganinta ranar Litinin, daga nan a rufe sunaye. To abin da ya kawo ni gabanku shi ne, ni ne na kayar da ita, ko ƙofar lakwal ɗin ban taka ba, kuma ba wanda ya sani sai ni da ita. Kafin ku ɗauki duwatsu bari in koma baya, don wannan magana ta girmi ubanta, ta girmi admin, ta girmi tutar ƙasar nan ma.

A Jiratawa aka haife ni, zamanin Nasara, lokacin da kumandan, Baturen mulki, ke zaune Maraɗi yana aiko da magana ƙauyuka. A lokacin ba mutum ke neman lakwal ba, lakwal ke neman mutum, kamar haraji. Duk shekara da kaka, daidai gero ya nuna ana neman kowane hannu a gona, sai a aiko wa mai gari ya tara yara. Mai gari ba wawa ba ne, nasa 'ya'yan sai ka ji an ce sun tafi gaida dangi, mu 'ya'yan talakawa a jera mu gindin gawon ƙofar gidansa, wani da bante wani Allah ya rufa asiri. Sai mushe ya zo, wato malamin lakwal. Baƙin mutum ne kamarmu amma daga can ƙasashen bakin teku, Hausarsa ba ta wuce zo da tafi ba, yana tafe da tafinta da gardin kumandan mai bulala. Ba takardar haihuwa, wa zai rubuta? In ka tambayi uwa shekarun ɗanta sai ta ce ai shekarar da fara ta cinye gero ce. Sai suka samo ma'auni. Ka ɗaga hannun dama, ka bi da shi ta tsakar kai, ka kamo kunnen hagu. In yatsa ya taɓa kunne ka isa karatu. In bai kai ba ka koma wajen uwarka. Daga nan a buɗe maka baki a duba ko ka yi famfara, kamar ana cinikin ɗan akuya. Gwajin ke nan gaba ɗaya, ba alli ba allo, ba wanda ya tambaye ka ko sunanka ka sani.

Babana manomi ne, maza uku ya haifa, biyu suka koma tun suna goye, ni kaɗai na tsaya. A wajensa wanda Nasara ya ɗauka ya tafi ke nan, in ma ya dawo zai dawo ba salla ba hauya, yana cin tuwo da ƙarfe. Shekarar farko da aka jera ni hannuna bai kai ba tsakani da Allah. Shekara ta biyu Inna ta gudu da ni Tsibiri wajen danginta, su anna ne, masu addinin gargajiya, kawuna ya yanka jan zakara gindin tsamiya aka ɗaura mini wani abu a ƙugu don idon Nasara ya tsallake ni. Baba mai salla ne, ya yi ta faɗa shi ba ruwansa da tsafin mutanen Inna, amma zakaran daga gidanmu ya fito. Da muka dawo mai gari ya kira shi ya ce in aka sake neman yaron aka rasa, shi Baba zai je ya yi wa kumandan bayani da bakinsa. Daga nan ɓuya ya ƙare, sai dabara.

Bayan rumbu ya kai ni, ina tunawa kamar jiya. Ya ce, "Ka jiya? Ɗaga haɓa sama. Sauke kahwaɗa. Gwiwar hannu ta tsaya gaban goshi, kak ka bari ta hau kai. Ka yi ta nishi kamar mai ƙoƙari. In mushe ya matsa maka ka ce, hannuna bai kai ba." Muka yi ta maimaitawa har na iya. Ya ja mini kunne sosai kan kada in kama kunne. Kuma jama'a abin ya yi aiki, shekara biyu cur ina tsayawa gaban mushe ina nishi, yatsuna suna lilo saman kunne kamar ɗan taƙi ya rage, a ce in wuce. Inna ta yi tuwo da man shanu, Baba ya riƙa ba da labari a dandali, har wasu suka riƙa turo 'ya'yansu bayan rumbunmu in koya musu. Ku lura, ni ma na taɓa zama mushe, lakwal ɗina ta rashin zuwa lakwal ce.

A shekara ta biyar, ina wajen goma ko sha ɗaya, na fi duk 'yan layin tsawo da kai guda. Mushe ya tsaya gabana ya daɗe yana kallona. Ashe da zai shigo gari ya gan ni ina janyo wa awaki reshen gawo. Na ɗaga haɓa, na sauke kafaɗa, na fara nishina. Sai ya sa hannu aljihu ya fiddo ƙwayar sukari, irin mai kusurwa huɗu, fara tas. Ni ban taɓa ɗanɗana ta ba, labarinta kawai nake ji. Ya saƙala mini ita bayan kunnen hagu kamar yadda kafinta ke saƙala fensir, ya yi magana, tafinta ya ce, "Ya ce in ka ɗauko ta bisa kai, taka ce." Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Hannuna ya kai kunne, ya wuce, kaɗan ya rage ya kamo haɓa. Wurin ya ɗauki dariya, har gardi sai da ya dafa bango. Baba ne kaɗai bai yi ba. Ya dube ni sukarin na cikin kumatuna ya ce, "Ƙwaya guda." Kuma in kuna son gaskiya, ta yi daɗi.

Nan nake tsayawa duk lokacin da nake ba da labarin nan. Shekara da shekaru ina ba da shi, a wajen suna, a wajen zaman makoki in an gaji da shiru, mutane su yi dariya a tashi. Abin da ke gaba ban taɓa faɗa wa kowa ba, marigayiya matata ma rabi ta sani, ku ne na farko, don ba ku san fuskata ba.

Aka rubuta ni ɗan shekara bakwai, don duk wanda ya kama kunne bakwai ne. Har yau takardata ne ber ce, wato an haife shi wajajen shekara kaza, kuma wajajen nan ya cinye mini shekara uku ko huɗu, takarda na cewa da saura gwiwa na cewa ƙarya ne. Aka kawo ni Maraɗi gidan wani ɗan'uwan Baba. A aji bencin ya yi mini kaɗan, gwiwoyina suna dukan tebur, yara suka sa mini Lagaran, wato babba. Su ƙananan nan suna shan harafi kamar kunu, ni hannuna ya riga ya saba da ƙotar hauya, in na riƙe alli sai ya karye, harshena kuma ya ƙi lanƙwasuwa da Faransanci. Amma ina son abin, wannan ne ban taɓa faɗa wa Baba ba. Mushen sukari mutum ne mai haƙuri, yakan tafa hannu yana raba kalma gunduwa gunduwa mu bi shi, ranar da na gane cewa zanen nan da ke kan allo sauti ne aka ɗaure, na yini ina karanta bayan buhunan gyaɗa a bakin kasuwa kamar mahaukaci. Ya taɓa ce mini na zo a makare amma kunnena na ji.

Aka ɗauke shi aka kai wani gari, aka kawo wani. Wannan dokarsa ita ce wanda ya ci tambaya shi zai mari wanda ya faɗi. Ina aji na huɗu, murya ta riga ta fashe, gashi ya fara leƙowa a haɓa, ya tambaye ni wani abu na rasa. Wani ɗan ƙaramin yaro ya amsa. Aka ce ya mare ni, ya miƙa hannu bai kai ba, sai da aka ce ya hau benci. Ya hau, ya mare ni, aji ya yi dariya. Marin ba zafi, hannun yaro ne. Da aka tashi ban koma masauki ba, na bi gefen gulbi da ƙafa har Jiratawa. Na tarar da Baba a gona, ya ɗago ya ce, "An sako ka?" Na ce na sako kaina. Ya miƙo mini hauya. Ba a daɗe ba Nasara suka naɗe tutarsu suka tafi, sai ga shi masu takarda ake nema ko'ina. Na ƙare ɗan aike a wata ma'aikata, na tsufa ina yawo da wasiƙun mutane, bayan wasiƙa nawa ne in karanta, cikinta sai mai ita. Yaron da ya hau benci kuwa na sha ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa, kullum sai ya tashi ya ba ni kujera. Wannan kujerar ta fi marin zafi.

To mu dawo yau. Bara waccan matata ta rasu, ɗana ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a Sabon Gari ba, ya kwaso ni zuwa gidansa. Shi da sassafe yake fita, matarsa ma'aikaciyar jinya ce ita ma ta fita, manyan yaran su tafi lakwal. Daga safe zuwa azahar gidan nan ba kowa sai ni da Amarya da kaji. Ita ke miƙo mini buta, ita ke nemo mini tabarau in na ajiye shi a goshina ina cigiya, ita ke yi mini faɗa in na sa sukari uku a shayi. Muna zama gindin dogon yaro in zana mata harafi a ƙasa da tsinke. Ta san da yawa, tana tsinto su a buhun shinkafa da kwalin shayi ta zo da gudu ta nuna mini. Wata rana ta ce mini kaza da kaka da katifa bakinsu ɗaya, na ce wane baki, ta ce inda suke farawa. Tana rubuta sunanta, harafi ɗaya dai kullum ya juya wa 'yan'uwansa baya. Ta taɓa tambayata me ya sa rubutun allo ke tasowa daga dama na lakwal daga hagu, ko faɗa suka yi. Amma kada in cuce ku da rabin magana, ba ta iya zama wuri ɗaya fiye da shan kofin shayi, alli kuma riƙon muciya take yi masa, in an ɗaga mata murya sai hawaye, haƙoranta na nono ko ɗaya bai motsa ba. Ni ban san wanne ake aunawa a cikin waɗannan ba.

Ana gobe za a kai ta, da la'asar, uwarta ta gama yi mata kitso ta ce gobe gwaji. Ta zo tabarmata ta ce, "Tsoho, gwaji da zafi?" Ni kuma bakina ba ya ganin ƙofa ya wuce. Na ba ta labarin Jiratawa tun daga zakara har sukari, na tashi da gwiwar nan tawa na nuna mata yadda ake ɗaga haɓa a sauke kafaɗa, ta yi ta dariya tana kwaikwayo. Sai na ƙara da cewa, ke dai Amarya kin gaji da ni, za ki bi mushe ki bar ni da kaji, wa zai miƙo mini buta? Ta ce ita ba ta zuwa ko'ina. Na ce to ki yi musu dabarar Tsoho mana. Wasa nake yi. Na faɗa wa kaina haka sau ɗari, wasa nake yi. Sai dai shekaruna sun wuce in yi wa kaina ƙarya har ƙarshe.

Yadda surukata ta ba da labari, ba a barin iyaye su shiga ɗakin, a waje ta jira. Madam ɗin da ke gwajin ta fito ta ce ta tambayi yarinya sunanta, shiru. Ta ba ta alli ta zana ƙawanya da sanda, ta ƙi karɓa. Ta nuna mata hoton akuya ta ce mene ne wannan, shiru. Ta faɗi kalmomi ta ce ta maimaita, shiru. Sai dai ta miƙe tsaye ta dafe kai da hannu tana nishi, tana cewa wani abu bai kai ba. Madam yarinya ce, sa'ar ɗana ba ta kai ba, ina za ta san ma'aunin zamanin kumandan? Ta ɗauka ciwo ne, ta ce a je a duba kunnen yarinyar ko ba ta ji sosai, kuma a ganinta a bar ta sai baɗi. Da ɗana ne ya je ya ji wannan da nan take ya gane, ya ji labarin nan har ya gundure shi. Amma matarsa ce, ita kuwa saboda kunyar surukuta ba ta taɓa zama inda nake ba da labari ba. Abin da ta kawo gida shi ne yarinya ta ƙi magana tana ta riƙe kai.

Suna shigowa Amarya ta zarce tabarmata, ta sa baki a kunnena ta ce, "Tsoho, ba su kama ni ba." Ga inda nake son ku saurara. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Kuma da tarin ya lafa abin da na samu a ƙirjina sanyi ne, ba tsoro ba, sanyi, irin na wanda aka ce masa baƙon da zai tafi ya fasa. Ranar na gane Babana, bayan ya shekara da yawa a ƙasa. Na daɗe ina cewa jahilci ne ya sa shi, ashe ba Nasara kaɗai yake tsoro ba, shirun gida yake tsoro.

Daga nan abu ya lalace. An kai Amarya an duba kunne, lafiya lau. Surukata tana da ƙane da bai yi magana da wuri ba, har ya girma karatu bai zauna masa ba, sai ta sa a ranta cewa abin a jininta yake. Ɗana ya ce a bar yarinya ta ƙara shekara, gaggawar me ake. Ita ta ce shekarar ɗiya mace ba abin wasa ba ce, kuma ita ta san 'yarta ba haka take ba. Magana ta yi tsawo, ina jin su daga ɗakina, har ya ce mata ai su a danginsu ba a taɓa samun wannan ba, ta duba nata wajen. Ya faɗa cikin fushi, na san ya yi nadama, amma maganar ta riga ta fita. Kwana biyu surukata ba ta ci abinci ba. Uwar surukata ta zo daga Tsibiri da rubutun sha da turare, ta shafe yarinya tas, Amarya na leƙo ni ta ƙarƙashin hannun kakarta tana ƙifta mini ido. Shekaranjiya ina alwala na ji surukata na kuka a bayan madafa, a hankali don kada a ji. Ta share fuska ta kawo mini abinci, ta durƙusa ta ce, "Baba, a sa mu a addu'a, Allah ya buɗe mata kai." Na ɗaga hannu na yi addu'a mai tsawo, har da Larabci. Ɓarawo na taya mai akuya cigiya. Surukar tawa ce ta koma ta roƙi Madam har ta yarda da Litinin ɗin nan.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Jiya da safe da gida ya watse na ce bari in gyara abin a ɓoye, yadda aka gyara ni. Na ɗauko ƙwayar sukari na saƙala mata bayan kunne, na ce Amarya in kin ɗauko ta bisa kai taki ce, kuma Litinin ki amsa wa Madam duk abin da ta tambaya. Ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta karkata kai sukarin ya faɗo kan tabarma. Ta ce, "Tsoho, ni ba a kama ni da sukari. Kai ne aka kama." Na ce lakwal daɗi gare ta, akwai yara akwai littafi mai hoto. Ta ce, "To don me babanka ya ce ƙwaya guda?" Na ce wannan da ne. Ta ce in ta tafi wa zai zauna da ni, na ce kaji. Ta ce, "Kaji ba su san inda tabarau yake ba." Ta ɗauki tsinke ta ci gaba da rubuta sunanta a ƙasa, kuma jama'a wannan karon harafin nan ya juyo ya fuskanci 'yan'uwansa.

Na gaji, wallahi na gaji. Mutum ya kai shekaruna ya kamata a ce abin da ke damunsa gwiwa ce da lahira, ga ni ina ɓoye laifi kamar yaron da ya fasa tulu. In na faɗa wa ɗana da matarsa, da wane ido zan dubi yarinyar nan da ke durƙusa mini, bayan na bar ta kwana tara tana zargin jininta? Ɗana kuma na san halinsa, ba zai yi mini faɗa ba, shiru zai yi, daga nan a riƙa kai Amarya gidan maƙwabta da safe don kada Tsoho ya ƙara koya mata wani abu, in rasa ta ta ko'ina. In na yi shiru kuma maganar da ya gaya wa matarsa tana nan zaune tsakaninsu, ni kaɗai ke iya ɗauke ta. Na yi tunanin in ɗauki sandata in je in samu Madam mu biyu, in nuna mata ma'aunin kumandan ta yi dariya, amma ko Madam ta gane, yarinyar ce za ta buɗe baki, ita kuwa ta riga ta yanke cewa tsare ni take yi. Abin da na ga zai iya juya ta shi ne in ba ta sauran labarin, na benci da kujera, in ce mata dabarar Tsoho ba nasara ba ce, ita ta cinye shi. To ana gaya wa ɗiyar shekara biyar irin wannan? In ta ji an mare ni a lakwal ba sai ta ƙara ƙi ba?

Kuma malaman da ke cikin zauren nan, ku gaya mini tsakani da Allah, yarinyar da ta san bakin kalma amma ba ta iya zama, ta isa ko ba ta isa ba? Ina tambaya ne don in kun ce ba ta isa ba zan ji daɗi, kuma jin daɗin nan nawa shi ne ban yarda da shi ba. Ni an makarar da ni don ana sona, na san abin da ya biyo baya, ba na son in zama bayan rumbun wani.

Yau Juma'a, saura kwana uku. Wa zan fara faɗa wa, uwar ko ɗiyar, kuma da wace kalma zan buɗe? Masu zagi ku zaga, na ci, amma ku haɗa da shawara a ƙarshe. Ƙwayar sukarin tana aljihuna tun jiya, ta fara narkewa. Ɗazu da na ajiye salula in huta yatsa na ce bari in gwada da kaina, na ɗaga hannun dama na bi ta tsakar kai, kafaɗa ta ƙi. Amarya na kallona ta ce, "Yawwa Tsoho, ka iya." Ba ta san wannan karon ba dabara ba ce.